Saƙo Na Arba'in Da Bakwai Da Albasar Baffana

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Adimin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, domin duk wanda yake tsakanin Kura da Bunkure in ya ga sunan zai gane ni tun kafin ya kai layi na biyu. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina ba da shawara kamar wani mai hankali, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, masu zuwa da "ka yi haƙuri" tun daga sama kuma ku ɗan dakata, shekara biyu ke nan ina haƙurin, ya ishe ni.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Bunkure, gidanmu gidan malamai ne masu noma. Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, yayansa ne ya riƙe ni, Baffa Malam, shi ya koya min karatun allo, shi ya sa ni boko har na karanci kwamfuta. Bayan na gama sai wani kamfani ya zo da aikin sarrafa ƙofofin ruwan noman rani daga nesa, wato maimakon mai get, mai kula da ƙofar ruwan, ya hau mashin ya je bakin kanal ya murɗa ƙarfe, sai a zauna a ofis a tura saƙo, wani akwati mai sola da ke jikin ƙofar ya karɓa ya buɗe ko ya rufe. Suka ɗauke mu mu biyu, ni da abokina tun makaranta, bari in kira shi Sagir duk da ba sunansa ba ne. Ni na rubuta tsarin daga farko har ƙarshe, shi kuma da yake bakinsa ya fi nawa zaƙi sai aka bar masa zaman ofis da karɓar baƙi. Manoma da fari sun ƙi fur, suka ce ba za su damƙa ruwansu a hannun waya ba. Baffa ne ya miƙe a taron ƙungiyar masu ruwa ya ce ɗansa ne ya yi abin, shi ya tsaya masa, kuma in ana tsoro a fara gwadawa da ƙofar da gonarsa take ƙarƙashinta. Haka aka yi.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda abin yake aiki, in ba haka ba ba za ku gane irin cutar da aka yi min ba. Kowa ya san sabis ɗin cikin gonaki, yanzu yana nan anjima ya tafi. Saƙo in ya bar ofis ba shi da tabbas, zai iya isa nan take, zai iya maƙalewa a hanya ya wuni ya kwana sannan ya sauka. Don haka kowane saƙo na sa masa lamba, kwamfutar ofis kuma tana riƙe da jerin duk saƙon da ya fita amsarsa ba ta dawo ba, muna ce masa layin jira. Akwati in ya karɓi saƙo dole ya mayar da amsa ɗauke da wannan lambar, ko ya ce na yi, ko ya ce na kasa ga dalili, ko ya ce ban gane ba. Amsa na zuwa kwamfuta za ta duba layi, ta ga lambar, ta cire ta, sannan ta aika wa mai get da ciyaman ɗin ƙungiya sanarwa a wayarsu cewa ƙofa kaza ta buɗe. Muddin akwai saƙo a layi sikirin ɗin kwamfutar yana nan ja, kuma ba ka isa ka tura wa wannan ƙofar wani sabon umarni ba. Jan nan ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne cewa akwai umarni a hanya, ba a san sa'ar da zai sauka ba, a je a cire wa akwatin wuta ko a tsaya a bakin ƙofa. Na faɗa wa Sagir wannan ya fi a ƙirga, har a takarda na rubuta na manna a bangon ofis.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba tunda gaskiya nake nema. Na bar wani maɓalli na share layi wanda nake amfani da shi lokacin gwaji, in an danna shi jerin ya goge gaba ɗaya, lamba ta koma ɗaya. Sannan ban sa wa saƙo wa'adi ba, yadda in ya kwana a hanya akwati zai ƙi karɓarsa, kullum ina cewa sai an gama girbi in zauna in yi. Amma share layi ba ya dawo da saƙon da ya riga ya fita. Kamar ka aiki mutum kasuwa ne, sannan ka yaga takardar da ka rubuta cewa ka aike shi, mutumin dai yana hanya.

To ranar wata Alhamis aka tura ni Madobi in kafa wani akwatin, zan kwana biyu. A ranar ne ake bai wa masu tumatir na ƙarshen layin Baffa ruwa. Shi Baffa ya riga ya yanke wa albasarsa ruwa, an tuge ta tun Laraba, an jera ta a gona tana shan iska kafin a kwashe. Wanda ya san albasa ya san a wannan lokacin ko yayyafi ba ta so. Al'adarmu kuma in za a sako ruwa kowa yana tsaye a bakin gonarsa da fartanya, mai so ya buɗe, wanda ba ya so ya toshe ya tsare, domin ruwan da ba mai kora shi kwari yake nema, gonar Baffa kuma ita ce ta fi kowace kwari. Sagir ya tura buɗe, lamba arba'in da bakwai. Sabis ya ɗauke, saƙo ya maƙale. Manoma suka gaji da jira, Malam Idi mai get, dattijon da ya yi shekaru yana wannan aikin, ya je ya buɗe da hannu, aka yi ban ruwa, da yamma ya rufe da hannu, kowa ya tafi gida. Sikirin kuwa yana nan ja, yana faɗar gaskiyarsa.

Ranar Juma'a da safe manyan kamfani za su zo da baƙi su ɗauki hoto. Sagir ya ga ja ba zai yi kyau a hoto ba. Ja ba zai yi kyau a hoto ba fa jama'a! Ya danna share. Sikirin ya koma kore tas, baƙi suka tafa, aka sha lemo aka watse. Wajen ɗaya da rabi, kowa ya yi wanka ya tafi masallacin Juma'a, ko kare babu a gonaki, sabis ya dawo. Arba'in da bakwai ya sauka, akwati ya buɗe ƙofa kamar yadda aka umarce shi, ya mayar da amsa cewa ya buɗe. Kwamfuta ta duba layi ba ta ga arba'in da bakwai ba, ta yar da amsar, ba wanda wayarsa ta yi ƙara. Ruwa ya yi ta zuba har bayan la'asar, sai wani Bafulatani mai kiwo da ya ratso ta wajen ne ya gani ya zo ya faɗa. Da na iso daga Madobi na tarar da Baffa tsaye cikin ruwa har ƙauri, da rigarsa ta Juma'a, albasa tana yawo a gefensa. Aka tsamo abin da aka tsamo aka shanya, kafin mako ya zagayo duk ta ruɓe, warin har bakin titi.

Aka kira taro. Ina zaune ina jiran abokina ya faɗi abin da ya faru, sai ya juyo da kwamfuta ya nuna wa jama'a layin jira fayau, ya ce ga shi kowa ya gani babu wani umarni da ya fita daga ofis, ƙofa ce ta buɗe kanta, kuma shi bai san cikin tsarin ba, wanda ya rubuta shi ya sani. Na ce ƙarya ne, an share layin. Ya ce shi ko maɓallin bai taɓa sani ba, har da rantsuwa, har da ƙwalla, wai yana tausaya min. Na ce a kawo akwatin jikin ƙofa a duba cikinsa, manajan kamfanin ya ce an riga an cire an kulle a sito, kuma ni an dakatar da ni ba ni da hurumin taɓa kayan kamfani. Na fusata na ɗaga murya, na kira Sagir munafuki a gaban dattawa, wannan ya ƙara kashe ni, domin shi yana sunkuye kamar na Allah ni ina ta kumfar baki. Sai Baffa ya miƙe, ya ce shi ya kawo ni, shi ya tsaya min, yana roƙon jama'a su yafe masa, asarar da ya yi kuma hakkinsa ne tunda ya yi shaida a kan abin da bai sani ba. Wallahi da mari ya yi min a wajen da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar Baffa bai zage ni ba, bai kore ni ba, in na gaishe shi yana amsawa, amma bai sake kallon fuskata ba. Da ni nake karanta masa saƙon waya, ni nake raka shi asibiti, yanzu wani yake kira. A gari kuma sunana ya koma Injiniya Ambaliya. In tsaya sayen tsire a ce Ambaliya ya iso a ɗage kaya, matata ta je biki a tambaye ta ko gidanmu ma ruwa yana buɗe kansa. Kamfani suka sallame ni, na kama shago a Kura ina gyaran waya da kayan sola. Shi kuwa gogan naku aka yi masa ƙarin girma, ya canja wa tsarina suna da launi ya ce ya gyara, aka yi kaka ɗaya ana buɗewa da hannu sannan aka mayar da sabon akwati a wannan ƙofar dai. Yanzu Oga Sagir ake ce masa, yana wuce shagona a motar kamfani har ya danna min hon. Duk sanda na ji hon ɗin nan sai na ji kamar in ɗauki ƙarfen walda in bi shi.

Makonni uku da suka wuce sai ga Malam Idi mai get ya shigo shagona da wani abu a buhu. Wai an yi sharar sito an ba shi tsohon akwati, yana so in cire masa batir da sola ya sa a gida. Ina buɗewa na ga rubutun hannuna a murfin. Na ture aikin da ke gabana gefe. Na zare memorin ciki na sa a kwamfuta, ga komai nan kwance kamar jiya aka yi. Arba'in da bakwai, buɗe, an turo Alhamis da safe, ya sauka Juma'a da rana. Ƙarƙashinsa kuma maimakon arba'in da takwas sai ga lamba ɗaya, saƙon duba lafiyar ƙofa, an turo shi Juma'a da hantsi, daidai lokacin da baƙi suke ofis ni kuma ina saman tsani a Madobi. Lamba ba ta komawa ɗaya sai an danna share, kuma mu biyu ne kaɗai muke da mabuɗin shiga. Shekara biyu ina rantsuwa ana min dariya, ashe shaidata tana sito ƙura tana cin ta.

Na daure na tambayi Malam Idi yadda sabon tsarin yake. Dattijon nan da zuciya ɗaya ya ce ai yanzu lafiya lau, Oga ya iya aiki, in abin ya yi ja ya maƙale akwai wani waje da yake dannawa sai ya koma kore nan take, shi da idonsa ya gani sau biyu. Kun ji fa. Bai cire maɓallin ba, bai sa wa'adi ba, bai ma gane abin da ya kashe albasar ba har yau, ko kuma ya gane bai damu ba. Sau biyun nan Allah ne ya rufa asiri, ko saƙon ya ɓace a hanya ko ya sauka lokacin da akwai mutane a gona.

Na buga takardar na tafi wajen Baffa da ɗokina, na same shi a zaure bayan ya sallami ɗalibai. Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, ga arba'in da bakwai ga ɗaya, ga rana ga lokaci. Ya karɓa ya juya ta, ya miƙo min, idonsa a kan tabarma. Ya ce shi bai san lamba ba, ruwa ya gani, kuma takarda ai ni na bugo ta, wanda ya iya sa ƙofa ta buɗe kanta ba zai kasa sa takarda ta yi magana ba. Ya ce in bar tone-tone in nemi na abinci, maganar ta wuce. Na naɗe takardata na fito. A nan na gane cewa ko na kai wa ciyaman, ko na karanta a masallaci, haka za a ce min. Mutanenmu ba sa karanta layin jira, abin da ido ya gani shi ne shaida.

Abin da ban faɗa wa Baffa ba shi ne tarkon yana nan a ɗane. Kuma bana ma albasa ya shuka, a wannan gonar dai ta kwari, ta yi kyau irin wanda ya daɗe bai samu ba, saura kwana goma sha biyu ko sha uku a tuge. Sabis kuma 'yan kwanakin nan wasa yake yi da hankalin mutane.

To ga inda nake. In na je na faɗa a gyara, aikin minti goma ne, Sagir zai rufe ƙofar ofis ya cire maɓallin ya sa wa'adi, gobe ya fito ya ce dama tun tuni ya yi, takardata ta zama ta mai hassada. Manaja ba zai tona ba, domin shi ya hana a buɗe akwatin tun farko. Albasa ta tsira, Sagir ya tsira, ni kuma in mutu ina Injiniya Ambaliya, 'ya'yana su gaji sunan. In kuwa na yi shiru abin ya sake faruwa, ina shagona a Kura, shekara biyu rabona da ofishin, ba mai iya cewa ni ne. Ranar kowa zai gane, ba sai na buga takarda ba. Ina so in ga Sagir tsaye a tsakiyar taron nan yana neman wanda zai ɗora wa ya rasa. Ina so in ji sunan da masu tsire za su raɗa masa. Ina so matarsa ta je biki ta dawo tana kuka kamar yadda tawa ta dawo. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina tunanin wannan har in kama kaina ina murmushi ni kaɗai a kan wayar mutane.

Akwai ma wanda ya fi haka muni, tunda ba ku san ni ba bari in faɗa. Ba lallai sai na jira sabis ya ɗauke da kansa ba. Ni na tsara akwatin, na san abin da za a taɓa a jikinsa saƙo ya maƙale, sauran kuma Sagir da hannunsa zai ƙarasa. Ranar Talata na hau mashin na je har bakin ƙofar, na tsaya ina kallon akwatin. Ban taɓa ba, Allah shaida ne, amma na je. Daga inda nake tsaye ina hango Baffa can ƙasa a sunkuye cikin albasa, ya tsufa sosai, in zai miƙe sai ya dafa gwiwa. Ya ɗago ya hango ni a kusa da ƙofar. Ya ajiye fartanya ya taho da sauri irin wanda ban san yana iyawa ba, bai zo wajena ba, ya je bakin gonarsa ya tsaya ya tsare, yana kallon hannuna. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ya kai ni makaranta, yau tsaron gonarsa yake daga gare ni. Na juya mashin na tafi, ban san yadda na iso Kura ba.

Matata ta ce in faɗa in bar wa Allah. Na ce mata ai shi ma Sagir ɗin, Allah yana ganinsa yake shiga mota. Ta ce to in ruwan ya sake ci, Baffa ba shi da ƙarfin da zai sake tashi, a wannan shekarun asara biyu tana iya kwantar da mutum. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi mata tsawa. Na kuma yi tunanin in yi shiru amma ranar Juma'a in je in tsaya a bakin ƙofa da kaina in ruwa ya taso in rufe, sai na tuna duk wanda ya gan ni a wajen cewa zai yi ni na buɗe.

Ni dai ba na neman a mayar da ni aiki, ba na neman komai a hannun kamfani. Abu biyu nake so, Sagir ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, Baffa kuma ya ɗago ya kalle ni ya ce ashe ba kai ba ne. Hanya ɗaya na gani da za ta ba ni duka biyun, kuma ta cikin gonar Baffa ta bi. Jama'a don Allah ku faɗa min, musamman masu irin aikinmu da malaman da ke cikin zauren nan, akwai wata hanya ta uku da fushi ya rufe min ido ban gani ba? In na yi shiru ban taɓa komai ba ruwa ya ci, ina da alhaki ko ba ni da shi? In kuma babu wata hanyar, wanne za ku zaɓa a matsayina, ku ceci albasar tsohon da zai mutu yana ganin ku kuka cuce shi, ko ku bari ya sake tsayawa cikin ruwa don ya san ba ku ba ne? Ku amsa min da wuri, ya riga ya yanke mata ruwa tun jiya.